Guguwar Harvey da gidan Autanmu: kwana huɗu muna gadin waya a Gwammaja

Juma'a ce, 25 ga Agusta 2017, saura kwana bakwai cif Babbar Sallah. Ni a lokacin ba abin da ke kaina sai ragon Hajiya, na dawo daga 'Yan Awaki kenan ba mu daidaita da kowa ba, sai ga saƙon murya daga Autanmu a WhatsApp. Shi yana Houston a jahar Teksas ta Amurka, karatu ya kai shi ya samu aiki ya zauna, matarsa 'yar Fagge ce ta bi shi daga baya, lokacin yaransu biyu, yarinya 'yar shekara huɗu da jariri ɗan wata bakwai. Saƙon gajere ne. Ya ce "Yaya, an ce guguwa na zuwa amma ba mu za ta sauka wa ba, can kudu ne bakin teku, dan Allah ka riga rediyo gaya wa Hajiya kar ta ji hankalinta ya tashi." Na shiga na gaya mata, ta ce Allah ya tsare, ta tambaye ni ragon.

Abin da ya sa nake rubuta wannan shi ne yanzu gidajen Kano masu ɗa ko 'ya a irin wuraren nan ba su ƙirguwa, kuma mu mun yi kurakurai, su a can mun yi mu a nan, wasu kurakuran ma sai da komai ya lafa na zauna na bi diddigi sannan na gane su.

Auta bai yi ƙarya ba. Guguwar ta sauka ne kusa da wani ƙaramin gari Rockport wajen ƙarfe 10 na daren Juma'ar a agogonsu, mu nan ƙarfe 4 na asubar Asabar tunda awa 6 ne tsakaninmu, kuma daga Rockport zuwa Houston ya fi Kano zuwa Kaduna nisa. Ta sauka tana mataki na 4, iskarta na gudun kilomita 215 a awa. Su ma'auninsu mataki biyar ne kuma iska kawai yake aunawa, wannan a riƙe shi da kyau dan a nan kuskuren farko ya ɓuya. Mataki na 1 yana farawa daga kilomita 119 a awa, na 3 daga 178, daga nan ne ake ce mata babba, na 4 daga 209, na 5 kuma daga 252 abin da ya yi sama. Lambar nan ba ta gaya maka yawan ruwan saman da za a yi, ba ta gaya maka faɗin guguwar, ba ta gaya maka za ta wuce da sauri ne ko za ta yada zango a kanka. Mu kuma, har da shi Autan da ke zaune a ƙasar, lambar muka zuba wa ido.

Wani abu da ya ba ni mamaki da na zo karanta tarihinta, ashe daga wajenmu ta taso. Kun san yadda hadarin damina yake taso mana daga gabas ya wuce yamma, duk bayan 'yan kwanaki wani ya biyo baya? Toh irin wannan rukunin hadarin da ke ratsa yankin Sahel, tun daga wajen tsaunukan Habasha da Sudan ya bi ta Cadi da Nijar da arewacin Najeriya da Mali har ya faɗa teku ta Senegal, shi ne irin da mafi yawan manyan guguwowin Atlantika ke tsirowa daga gare shi. Ba duka ba, yawanci ma watsewa suke a hanya. Amma in ya faɗa teku ya tarar da ruwa mai ɗumi, digiri 26 da rabi zuwa sama, ga danshi a iska, kuma iskar sama ba ta sare masa kai ba, sai tururin ruwan ya riƙa tashi yana zama gajimare yana sakin zafi, zafin ya ƙara jawo iska daga ƙasa, juyawar duniya kuma ta sa abin ya fara kewaya, da haka da haka har ya yi ido a tsakiya, wuri shiru ba iska, kewaye da idon kuma nan ne bala'in yake. Harvey ta bar gaɓar Afirka ta Yamma wajen 12 zuwa 13 ga Agusta, aka raɗa mata suna ranar 17, ta bi ta tsibiran Karibiyan, ranar 19 ta mace har aka daina lissafa ta, ta tsallake yankin Yucatan na Meziko a matsayin hadari kawai, sai ranar Laraba 23 ta farfaɗo a tekun Meziko inda ruwan ya yi ɗumi sosai. Daga Laraba zuwa daren Juma'a ta tashi daga abin da bai kai guguwa ba zuwa mataki na 4. Kwana biyu kacal kenan mutane suka samu. Mu a Kano irinta ba za ta zo mana ba dan ba ta rayuwa sai a kan teku, da ta hau tudu take fara mutuwa, amma duk sanda na ga hadarin gabas ya haɗo a watan Agusta sai na tuna wataƙila wani a Jamaika ko Fulorida zai gamu da shi bayan sati biyu da wata fuskar.

Yanzu gidan da suke. Haya ce a wani rukunin gidaje mai bene hawa biyu a kudu maso yammacin birnin, ɓangaren da 'yan Najeriya suka yi yawa, su suna ƙasa. Bayan gidan da 'yar tafiya akwai rafin da ake kira Brays, ɗaya daga cikin rafukan da ke kwashe ruwan Houston zuwa teku. Houston gari ne shimfiɗaɗɗe ba tudu ba gangare, ƙasarsa yumɓu ce ba ta shan ruwa, an kuma shafe ta da kwalta da siminti. Rafin nan ya yi ambaliya a 2015 ya kuma yi a 2016. Auta ya kama gidan a farkon 2017 sabida ya ga haya da sauƙi, ba wanda ya gaya masa kuma shi ma bai tambaya ba. Ɗan Kano in zai kama haya a Kurna ko Rijiyar Lemo ai sai ya leƙa gindin katanga ya ga inda ruwa ya taɓa yin shaida, ya tambayi mai shagon bakin layi ya ake yi da damina, amma da aka je Amurka sai aka ɗauka ai can an gama da irin wannan matsalar.

Wadda ba ta ɗauka haka ba ita ce matarsa. Ita ta tashi a gidan da ke kusa da Kwarin Gogau, ta san me ake nufi da a tashe ka tsakar dare a ce ɗaga katifa. Tun ranar Alhamis da ta ji masu hasashen yanayi na ta maimaita cewa guguwar za ta tsaya wuri ɗaya ta kwana da kwanaki tana zubar da ruwa, ita wannan maganar ta kama, ba maganar iska ba. Ta sa shi ya kai ta kanti, sun tarar ruwan roba da burodi sun kusa ƙarewa, suka samu abin da suka samu. Ƙa'idar da hukumomin can ke bayarwa ita ce galan ɗaya, kusan lita 4, ga kowane mutum a kowace rana, na aƙalla kwana uku. Ta cika bahon wanka da ruwa dan banɗaki da alwala, ta cika tukwane. Fasfo ɗinsu da takardun zama da takardun haihuwar yara da shaidar karatunsa duk ta zuba a leda mai zif ta ninka a wata ledar ta sa a jakar goyo, ta ɗauki hotonsu a waya ta turo min, na tuna har na ce mata wannan kuma na mene ne, ta ce "Yaya ka dai ajiye." A jakar ta sa garin kwaki da suga da dabino da dambun naman da Hajiya ta aika musu, da madarar jariri da famfas da tocila. Kaya masu daraja ta ɗora saman wadirof. Auta ya gaya min daga baya har faɗa suka yi, yana cewa ta cika tsoro, ta ce masa ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai abu uku da ba su yi ba. Motarsa ya bar ta a filin fakin na gidan wanda ya fi ko'ina kwari, alhali wajen aikinsa akwai garejin bene da zai iya kai ta tun Juma'a. Yarinyar tana da asma, abin shaƙarta ya yi rabi, suka ce sai Litinin a karɓo sabo. Sannan pawa bank ɗaya ce a gidan.

Sai maganar gudu ko zama, wadda har yau ake jayayya a kanta. Gwamnan jahar Greg Abbott ya ce wanda zai iya fita ya duba yiwuwar fita, magajin garin Houston Sylvester Turner kuma ya ƙi ba da umarnin kwashe mutane. Dalilinsa shi ne abin da ya faru a 2005 lokacin guguwar Rita, 'yan makonni bayan guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans, mutane a tsorace miliyoyi suka hau titi lokaci guda, motoci suka cushe wasu sun fi awa 20 a hanya cikin zafi mai ya ƙare, mutum kusan 100 suka mutu a gudun, ciki har da tsofaffin da motarsu ta kama da wuta, ita kuma guguwar ta karkata ba ta ma daki Houston sosai ba. Gari mai mutum sama da miliyan 2, da kewayensa sama da miliyan 6, in ka tura su titi ruwa ya riske su a cikin mota, ai makabarta ka shirya. Ni a ganina magajin garin yana da gaskiya a kan garin baki ɗaya. Amma gaskiyar gari daban ta gidanka daban. Wanda ke hawan ƙasa a bakin rafin da ya yi ambaliya shekara biyu a jere, ba sai ya bar garin ba, ya isa ya kwashi iyalinsa ranar Juma'a ya koma wajen aboki a unguwa mai tudu ko mai bene, kuma Auta yana da irin waɗannan abokan, kunya ce kawai da ganin kamar za a ce ya firgita. Wanda ke bakin teku kuwa shi ba shawara, in an ce fita fita zai yi, dan iskar guguwa tana turo ruwan teku ne ya hau tudu kamar katanga, wani lokacin ya fi tsayin ɗaki, ba ginin da zai cece ka.

Ranar Asabar aka wayi gari guguwar ta yi kaca-kaca da Rockport, ta shiga tudu ta fara rauni, kafin yamma an sauke ta daga matakan nan gaba ɗaya ta koma abin da suke kira guguwar yankin zafi kawai. Auta ya kira mu bidiyo yana dariya, ya nuna mana waje ana yayyafi, ya ce wa Hajiya "kin gani ko, ta ma mutu." Hajiya ta yi hamdala, ni na koma neman rago. Wallahi har yau in na tuna kiran nan sai gabana ya faɗi, sabida a daidai lokacin da muke murna abin ke haɗuwa. Guguwar ta maƙale ne tsakanin wasu manyan iskoki biyu, ba mai tura ta gaba ba mai mayar da ita baya, ta tsaya cak, rabinta a tudu rabinta na jan tururi daga teku. Kuma irin guguwar nan a arewacin duniya tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, dan haka duk garin da ke gabas da ita shi take kwaso wa ruwan teku ta juye masa, Houston kuwa gabas take. Iskar ta ragu, famfon bai rufe ba.

Daren Asabar wayewar Lahadi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ba irin namu na awa ɗaya ko biyu a ɗauke ba, wannan in ya tsagaita minti kaɗan sai wani ya biyo. A kwana huɗu wurare da yawa a yankin sun samu sama da milimita 1000, a wani gari Nederland da ke gabas da Houston an auna milimita 1539, ba a taɓa auna irinsa daga guguwa ɗaya ba a tarihin Amurka, kuma ya fi abin da Kano ke samu a damina guda cur. Hukumar yanayin ƙasar sai da ta ƙara sabbin launuka a taswirarta dan waɗanda take da su sun gaza nuna yawan ruwan.

Wajen ƙarfe 9 na safiyar Lahadi a nan, su ƙarfe 3 na dare, Auta ya kira ni, muryarsa ba irin ta jiya ba. Ya ce "Yaya ruwa na shigowa ta ƙarƙashin ƙofa." Ina jin matar tana cewa kashe wutar tukun, kashe wutar. Ya je ya sauke babban makunni kafin ruwan ya kai soket, wannan daidai ne, mutane sun mutu a ambaliyar nan ta hanyar wutar lantarki a cikin ruwa. Sai ya ce zai fito da mota su tafi gidan wani abokinsa. Ni ma, ban ɓoye ba, cewa na yi maza ku fita. Matar ce ta karɓi wayar ta ce "Yaya ka yi haƙuri, ba inda zan shiga mota da yaran nan cikin duhu, ba ma ganin titi." Ita ce mai gaskiya ni da shi muka yi kuskure. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana kayar da babban mutum, santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota, 60 kuma har manya yake tafiya da su, ga titunan Houston cike da hanyoyin ƙarƙashin gada da ke zama rijiya. Da yawan waɗanda suka mutu a Harvey a mota ko kusa da mota ruwa ya ci su, har da iyali guda mutum shida a mota ɗaya, kaka biyu da yara huɗu, da wani ɗan sanda da ya fito zai tafi aiki. Binciken da cibiyar lura da guguwa ta Amurka ta yi na shekaru 50 ya nuna kusan mutum 9 cikin 10 da irin guguwar nan ta kashe kai tsaye ruwa ne ya kashe su ba iska ba.

Sama suka hau. Akwai wata dattijuwa 'yar asalin Meziko a saman su, ita kaɗai take zaune, Auta gaisuwa kawai ke haɗa su amma matarsa ta saba aika mata abinci, da ƙaramar Sallah ma ta kai mata tuwo da miyar taushe. Ƙwanƙwasawa ɗaya ta buɗe. Kafin gari ya waye mutum goma sha wani abu ne a ɗakinta, ruwa a ƙasa ya kai ƙugu, motar Auta rufinta kawai ake hange. A daren ne hukumomi ke ta sanarwa kar wanda ya shige cikin silin ɗin gidansa, irin ɗakin nan na ƙarƙashin rufi da ba shi da mafita, in ruwa ya kore ka daga hawa na ƙarshe ka hau kan rufin a gan ka, sabida a Katrina mutane da yawa a irin wannan wurin ruwa ya rufe su. Layin kiran gaggawa na 911 kuma ya cushe, sun kira sun kira ba a ɗauka.

Yanzu laifinmu na nan gida, kuma shi ya fi damuna dan shi ne wanda yake hannunmu. Da labari ya shiga gurup ɗin dangi kowa ya ɗau waya. Kawu ya kira, Gwaggo ta kira daga Zariya, abokansa na makaranta, surukai daga Fagge, wasu har bidiyo suke kira wai su gani da idonsu, shi kuma ba zai iya ƙin ɗaga wayar manya ba, kowa sai ya yi masa bayani daga farko. Ƙauna ce ta sa, na sani, amma ƙaunar nan ita ta cinye batirin. Ba wuta, pawa bank ɗaya mutum goma na layi a kanta. Bayan la'asar ɗinmu wayarsa ta mutu, ta matar ta biyo baya da magariba. Daga nan shiru har washegari.

Ban taɓa ganin Hajiya a irin halin daren nan ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma ci komai ba, tana kan sallaya da carbi, duk bayan ɗan lokaci ta ɗago ta ce min "Babba, ɗan nan bai yi magana ba?" na ce tukuna Hajiya. A cikin wannan halin wani ya turo bidiyon gawarwaki a ruwa cikin gurup wanda daga baya muka gane ba ma Amurka ba ce, wani ya turo hoton nan na babban kifi wai yana iyo a kan titin Houston, shi ma haɗi ne, tsohon hoto da ake fito da shi duk sanda aka yi ambaliya. Ƙanwata ta gani ta fasa ihu a tsakar gida. Dan Allah duk wanda ɗan'uwansa ke cikin irin wannan, abin da ba ka tabbatar ba kar ka tura, akwai uwa a gurup ɗin.

Litinin 28 da hantsi saƙon tes ya shigo min daga baƙuwar lamba, layi ɗaya, "Yaya muna lafiya muna sama, kar a kira." Wayar dattijuwar ce. Ashe tes yana ratsawa ko da layin kira ya cushe kuma ba ya cin batir sosai, da mun san haka tun farko da ba mu yi daren nan ba. Abin shaƙar yarinyar kuma ya zo ƙarshe, ga danshi ga sanyi ƙirjinta ya fara ƙara, wannan ne ya sa dole su fita. Sun rataya farin zani a baranda, da rana wasu 'yan sa kai masu ƙaramin jirgin kamun kifi suka zo, irin mutanen da suka jawo jiragensu daga wasu garuruwa har daga Luwiziyana ba wanda ya aike su. Aka fara ɗaukar matar da yaran da dattijuwar, ya biyo a sahu na biyu da jakar goyon nan a ka. Ya ce ruwan baƙi ne yana wari, masai da fetur duk a ciki, ga tururuwa masu cizo sun dunƙule suna yawo a kai. An sauke su a kan wata gada, babbar mota ta kai su inda ma'aikatan lafiya suka duba yarinyar, daga nan suka wuce wani masallaci, dan masallatai da dama a garin sun buɗe ƙofa ga kowa da kowa Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Babban zauren taro na George R. Brown shi kaɗai ya ɗauki mutum wajen 10,000.

A ranar Litinin ɗin ne kuma wani abu ya faru a yammacin garin da ya kamata mu 'yan Kano mu tsaya a kansa. Akwai madatsun ruwa biyu, Addicks da Barker, da aka gina tun shekarun 1940 dan su tare wa tsakiyar birnin ruwa. Sun cika har ana tsoron su ɓalle, sai injiniyoyin soja masu kula da su suka buɗe ƙofofin da gangan, ruwan ya bi rafin Buffalo ya shiga dubban gidajen da ruwan sama bai taɓa ba, wasu sun fi sati a cikin ruwa. Ta bayan madatsun kuma an bari an gina unguwanni a cikin filin da asali na ajiyar ruwan ne, masu gidajen da yawa ba su ma sani ba. Da na karanta wannan kududdufan cikin birni na tuna, waɗanda muka taso muna gani aka cike su ɗaya bayan ɗaya aka yi shaguna da gidaje, ruwan da suke ɗauka kuma bai daina sauka ba, sai dai ya nemi ɗakin wani. Manyanmu suna ba da labarin ɓallewar dam ɗin Bagauda a Agustan 1988, mun ga ruwa a Kantin Kwari a 2022, mun ga abin da dam ɗin Alau ya yi wa Maiduguri a Satumban 2024 cikin dare mutane na barci. Jakar nan ta matar Auta ba sai mai guguwa ke buƙatarta ba.

Harvey ta koma teku ta sake sauka a Luwiziyana ranar 30 sannan ta wuce. Mutum 68 ta kashe kai tsaye a Teksas, in aka haɗa da waɗanda suka mutu ta dalilinta sun haura 100. Gine-gine sama da 300,000 ruwa ya shiga, motoci kusan rabin miliyan, asarar dala biliyan 125, ita da Katrina ne a sahun gaba. An cire sunan daga jerin sunayen da ake juyawa duk shekara shida, ba za a sake sa wa wata guguwa Harvey ba.

Ranar Juma'a 1 ga Satumba Auta ya yi sallar Idi da kayan da aka ba shi a masallaci, mu kuma muka yanka ragon Hajiya ta ce a rabar da kusan duka. Da suka koma gidan bayan ruwa ya janye bango ya yi baƙi da funfuna har sama da inda ruwan ya tsaya, kujeru da katifu da firij sai bola, abin da ke saman wadirof da abin da ke jaka su kaɗai suka tsira. Sai zancen inshora, nan ma ya sha mamaki. Yana biyan inshorar 'yan haya duk wata amma ba ta ɗaukar ambaliya, ta ambaliya daban ake saye, kuma ta gwamnati sai ta kwana 30 da saye take fara aiki, ba a sayen ta in an ga hadari. Ta motar kuma mafi arha ya yanka, wadda ke biyan wanda ka buge kawai. Haka ya yi asarar motar ɗungurungum yana kan biyan bashinta. Mafi yawan gidajen da ruwa ya shiga a yankin haka suke ba inshorar ambaliya. Takardun nan da ke leda su suka sa komai ya zo masa da sauƙi wajen neman taimako da kama sabon gida, wasu maƙwabtansa sun yi watanni suna neman madadin nasu.

Sun koma wata unguwa, hawa na biyu, kuma kafin ya sa hannu sai da ya buɗe taswirar ambaliya ta hukuma ya duba layin, ya kuma tambayi maƙwabta ina ruwa ya tsaya a 2017. Lokacin guguwa a Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, ya fi tsanani daga tsakiyar Agusta zuwa Oktoba, dan haka duk ƙarshen Mayu matar ke sauke jakar ta canza magani da batir da kuɗin hannu, sabida in ba wuta kati ba ya aiki. In aka yi sanarwar farko, ta awa 48 kafin guguwa ta iso, mota na shan mai ta tafi garejin bene, in aka yi ta biyu ta awa 36 ba mai sake fita.

An gwada shirin ranar 8 ga Yuli 2024 da guguwar Beryl ta sauka a Matagorda ta bi ta kan Houston. Mataki na 1 ce kawai a lokacin, ga wanda ke kallon lamba ba komai ba ce, amma ta kayar da bishiyoyi da turakun wuta, gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa lantarki a tsakiyar zafin Yuli, wasu fiye da sati, mutane suka mutu da zafi, wasu hayaƙin janareto ya kwantar da su dan sun kunna a gareji ko bakin taga, abin da mu ma yake kashe mana iyalai a nan, ƙa'ida a ajiye shi a fili aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga. Su Auta sun kwana biyar ba wuta. Tun ana gobe za ta sauka na rubuta a gurup cewa ba mai kiran su, ni kaɗai zai riƙa turo wa tes sau biyu a rana, in ya yi asuba da in ya yi isha, ni zan sanar da kowa. Kawu ya ɗan ji haushi, na bi shi gida na ba shi haƙuri na tuna masa daren 2017. Asubarsu tana zuwa ne wajen ƙarfe 11 da rabi na safe a nan, dan haka kullum kafin lokacin Hajiya ta sa an shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, in saƙon ya shigo na karanta mata, ta ce a sake karantawa, sannan ta ce a kawo mata kokonta.